Baƙar Rana a Madubin Maharazu

"Riƙe da hannu biyu. Ɗaga shi sama wajen haske, ki gaya mini abin da kika gani."

Gwaggo Tasalla ce ta faɗi haka, tana miƙa wa Shafa'atu wani faifan gilashi da aka naɗe cikin fatar akuya. Tun da ta shigo gidan ƙanenta Mudi ba ta zauna ba, ko gaisuwa ba ta amsa ba.

Shafa'atu ta ajiye mazarin kaɗinta cikin taskira, ta karɓa. Faɗin abin bai wuce tafin hannu biyu ba. Da ta ɗaga shi, duhu-duhu kawai ta fara gani. Can sai ta gane.

Dutsen Maje ne, wanda ta buɗe ido ta gani tsaye a bayan garinsu. Ga kansa mai kama da tozon bijimi, ga tsagar da marmaro ke fitowa, ga kurmin da ya zagaye gindinsa. Sai dai komai ya sauya kama. Dutsen fari ne fat kamar kanwa, sama kuma baƙi ƙirin, ranar da ke leƙowa ta kafaɗar dutsen ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

"Dutsenmu ne, Gwaggo."

"Na san dutsenmu ne. Duba ƙasa, kan falalen nan."

Ta duba.

Mace ce tsaye da tulu a ka. Ana hango duwatsu ta cikin jikinta kamar hayaƙi, kuma fuska biyu gare ta, ɗaya na kallon dutse, ɗaya ta waiwayo.

"Wace ce wannan, Shafa'atu?"



Shekara biyu ke nan da lafawar basasar Kano, ayari ya soma komawa hanya. Cikin waɗanda suka dawo gida akwai Maharazu, ɗan wani baduku na Danja, wanda ya bi fatake tun yana da shekara goma sha biyar har ya dangana da Tarabulus. A can ya yi wa wani Bature ɗan Malta barantaka shekara tara, ya koyi sana'arsa. Bai dawo da raƙumi ko alkyabba ba. Abin da ya dawo da shi akwati ne mai ƙafa uku da ido ɗaya, wanda ke ɗauko kamannin abu ya kwantar da shi a kan gilashi. Abin da muke kira hoto a yau, shi sura yake ce masa, mutanen Maje kuwa madubi suke ce wa gilashin.

Ya yi wa kansa alkawari ba zai ɗauki mai rai ba, saboda abin da malamai suka faɗa. Duwatsu kawai yake bi, su ma sai lokacin fitowar rana.

Kurmin Maje kuwa ba wurin shigar kowa ba ne. Tun kaka da kakanni ba a shiga da gatari, ko baka, ko wuta, don daga nan ruwan gari ke fitowa. Mudi, mahaifin Shafa'atu, shi ne Sarkin Dawa mai tsaron wurin, kuma shi da kansa ya ba baƙon izinin safiya uku.

Shafa'atu bazawara ce. Shekara guda ta yi a ɗakin miji, agana ta ɗauke shi, ta dawo gida. Ita ke ɗebo wa mahaifinta ruwan marmaro kullum bayan asuba, a nan ta ci karo da mutumin. Safiyar farko gaisuwa kawai suka yi. Ta biyu ta ajiye tulu suka yi hira har inuwa ta gajarta. A ta uku, wadda ruwan farko ya wanke sararin sama, ya cire murfin idon akwatin yana ƙirge a hankali, idonsa ƙyam a kan dutse kamar ba ta wurin. Haushi ya kama ta. Sai kawai ta taka ta hau falalen da ke gaban akwatin, ta waiwayo, don ta ga ko zai dube ta.

Ya dube ta kuwa. Bayan kwana ashirin ya turo liman neman aurenta.

Wannan takun da ta yi, ba wanda ya sani sai su biyu.

"Ke nake tambaya," in ji Gwaggo.

"Ni ce, Gwaggo."

"Ba ke ba ce! Ke ga ki nan zaune a gabana. Waccan kurwarki ce, ya kama ta ya rufe a madubi, gangar jiki kawai ya bar mana."

"Haba Gwaggo..."

"Kar ki ce mini haba. Tun ranar nan sau nawa kika ci tuwo kika ƙoshi? Wa ya zuba gishiri a kunu shekaranjiya? Wa nake kira sau uku kafin ta amsa? Zaren da kike kaɗawa, wanda a da har daga Maska ake aiko saye, yanzu dubi abin da ke cikin taskirarki, duk ƙulli."

Shafa'atu ta dubi zaren. Gaskiya ne, duk ƙulli ne.

Gwaggo ta zube kan tabarma, muryarta ta karye. "Kina da kwana arba'in uwarki ta rasu. Ni na goya ki, ni na tauna na ba ki. Da mijinki ya mutu, a cinyata kika yi kuka. Ban taɓa neman komai a wurinki ba, ɗiyata. Aƙilu ɗana ne, amma ba don na haife shi nake faɗa ba. Shekara biyu yana jiranki bai kalli wata ba. Kin ce a ba ki lokaci, aka ba ki. Sai ga wani ya faɗo daga bakin duniya da akwati, cikin kwana uku kin mance da kowa. Wannan so ne? Ke ki gaya mini, haka so yake zuwa?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Wallahi ban sani ba."

"To ni na sani. Son da kike ji ba naki ba ne, dasa miki shi aka yi."

Hawaye ya ɓalle wa Shafa'atu. Ta so ta ce ita ta shiga gaban akwatin da ƙafarta, amma sai wata tambaya ta faɗo mata a rai. Ita ta taka, ko akwatin ne ya ja ta? Ita da ba ta iya haɗa ido da namiji, me ya kai ta hawa falale tana waiwaye? Da can ta tabbata haushi ne. Yanzu da ta ga macen mai fuska biyu, ta rasa wanne za ta kama.

Gwaggo ta naɗe gilashin ta miƙe. "Babanki ya ce gobe bayan asuba kowa ya hallara a kan falalen, a can zai yanke magana. Ki yi tunani. In kin zaɓi mai akwati, ki nemi wata uwar."

Da la'asar Shafa'atu ta fita kai wa matar liman tsakin masara. A bakin hanya, gindin ɗorawa, ta tarar da Aƙilu yana ɗaura wa fartanya sabuwar ƙota. Dogo ne kakkaura, mai gonar auduga mafi girma a yankin, kuma bai iya doguwar magana ba.

"Sannu da aiki, Yaya Aƙilu."

"Yauwa. Tsaya mana, Shafa."

Ta tsaya, kanta a ƙasa.

"Ni na warware fatar nan," ya ce. "Gara ki ji daga bakina. Ranar da Kawu ya ce Maharazu ya kawo madubansa a gani, ya nuna uku, duk sun yi dishi-dishi, ya ɓoye ɗaya a ƙasan jaka. Na ce me ya sa ake ɓoye ɗaya? Na zaro. Da na san ke zan gani a ciki, da ban zaro a gaban mutane ba."

"Kai ma ka yarda sihiri ne?"

Ya daɗe yana juya ƙotar a hannunsa. "Ni manomi ne, ban san sihiri ba. Abin da na sani, kafin ya zo, in na yi magana kina dariya. Yanzu in na yi magana sai ki dube ni kamar kina neman sunana. In sihiri ne, a karya shi. In ba sihiri ba ne... In ba shi ba ne, to ni ban san abin da zan yi da kaina ba."

"Yaya, ban ƙi ka ba."

"Na sani. Shi ya fi ciwo."

Ta wuce da sauri don kada ya ga idonta. Zuciyarta na ce mata wannan mutum bai taɓa ɓata mata ba ko sau ɗaya. Shi ya sake wa ɗakinta jinka bara ba tare da an roƙe shi ba. Da za ta aure shi, da ta zauna lafiya kusa da Gwaggo har tsufa. To me ya sa in ta auna hakan sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji? Ko wannan ma aikin madubin ne?

A gidan liman Maharazu ya sauka. Tun da maganar ta fashe aka hana shi zuwa ƙofar gidan Sarkin Dawa, yara na gudu in sun hango shi. Da ta miƙa tsakin ta fito, sai ta ji muryarsa ta bayan zana.

"Shafa'atu."

Ta ja ta tsaya. Ba ta ganinsa sai inuwarsa ta tsakanin karare.

"Malam Maharazu, abu ɗaya zan tambaye ka, ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya. Ka kama ni a madubin nan?"

"Subhanallahi! Har ke?"

"Na gan shi yau. Na ga kaina da fuska biyu, duwatsu na ratsa cikina. Na ga rana baƙa. Wane irin abu ne ke mayar da rana baƙa?"

"Haske ne kawai. Akwai wani magani a jikin gilashin, duk inda haske ya taɓa sai ya yi baƙi, inda bai taɓa ba ya zauna fari. In na kwantar da shi a kan takarda sai komai ya koma daidai, to takardun nawa zafin hamada ya lalata su. Fuska biyun kuwa don kin waiwayo ne ina cikin ƙirge."

"Haske ne ke kawo baƙi?"

"Haka ne."

"Ka ji abin da kake faɗa kuwa? Wa zai yarda da wannan?"

Ya ce, "Ni ma wata shida na yi ina gani da idona kafin na yarda."

Ta jingina goshinta da zanar, kuka ya ci ƙarfinta. "Ba na barci, ba na cin abinci. In na rufe ido kai nake gani. Na yi aure a da, ban taɓa jin irin wannan ba. Gwaggo ta ce dasa mini aka yi, kuma duk abin da ta lissafa gaskiya ne. In ba ka yi mini komai ba, me ke damuna?"

"Abin da ke damuna ne. Ni kuma ba wanda ya sa ni a madubi."



"Na gaya wa Baba laifina ne," ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ce ban lura kina wucewa ba na buɗe akwatin. Ki bar shi a haka. In aka ji ke kika hau falalen, bakin mutanen garin nan ba zai bar ki ba."

"Ƙarya ka yi wa babana?"

"Na yi, Allah ya yafe mini. Akwai ayarin da zai tashi daga Danja zuwa Kano jibi. In Baba ya ce a'a gobe, zan bi su, kin huta da surutu."

 Matar liman ta yi gyaran murya daga ciki, dole ta ja ƙafa ta tafi ba tare da ta ce masa komai ba.

Washegari, ana idar da sallar asuba suka kama hanyar kurmi. Mudi na gaba da sandarsa, gajere ne mai furfura, ba a cika jin muryarsa ba. Gwaggo na biye da shi rungume da fatar akuyar, sai Shafa'atu, sai Aƙilu. Maharazu na can baya, saɓe da akwatinsa.

Raɓa ta jiƙa musu ƙafafu. Birai na tsalle a kan rassan itatuwan maje gaba-gaɗi, don sun san ba mai harbinsu a nan. Da suka fito kan falalen, gabas ta fara ja, dutsen na tsaye baƙi, wani siririn gajimare ya yi masa ɗamara.

"Kafa abinka," in ji Mudi. "Yadda ka yi ran nan."

Maharazu ya ware ƙafafun, ya saita idon akwatin, ya yafa baƙin zane a bayansa. Mudi ya yi bisimilla ya cusa kansa ciki. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya dubi dutsen, ya sake komawa, ya sake fitowa.

"Dutsen na ciki," ya ce. "Amma kansa a ƙasa, gindinsa a sama."

"Kun ji ko!" in ji Gwaggo. "Abin da ya kifar da dutse, ɗiyar mutane ce za ta gagare shi?"

"Haka idon yake nunawa, Baba," in ji Maharazu. "Dutsen bai motsa ba, ga shi nan."

"Na ga bai motsa ba." Mudi ya karɓi fatar daga hannun yayarsa, ya warware. "Shekara talatin ina tsaron wurin nan. Ba a fita da itace, ba a fita da nama. Ban taɓa tunanin za a zo a fita da dutsen kansa ba, har da ɗiyata a ciki. Ban ce kai matsafi ba ne, Maharazu, ban kuma ce ba kai ba ne. Abin ya fi ƙarfin sanina. Hanya ɗaya na gani. A fasa madubin. In an fasa ta dawo hayyacinta, ka kama hanyarka. Ka yarda?"

Fuskar Maharazu ta sauya. "Baba, gilashi goma sha biyu na taso da su daga Tarabulus. Biyar sun fashe a bayan raƙumi. Shida na ɓata su, wani hazo, wani rawar hannu. Wannan kaɗai ya fito yadda nake so. Tun ina yaro nake hango dutsen nan daga gonar babana, shekara tara ina mafarkinsa a ƙasar da ba tudu sai yashi da teku. Ba ni da wani gilashin, ba kuma inda zan samu."

"Na ji. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya dubi gilashin, ya dubi Shafa'atu. Idonsa ya kawo ruwa.

"A fasa."

"Baba, tsaya!"

Duk suka juyo. Shafa'atu ta durƙusa a kan dutsen.

"Ba shi ya sa ni a ciki ba. Ya ce maka ina wucewa ne bai lura ba, don ya rufa mini asiri ya faɗi haka. Ni na hau falalen nan da ƙafata. Yana kallon dutse ya ƙi kallona, na ji haushi, na shiga gabansa don ya gan ni."

"Innalillahi!" Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Ke? Ke da na tarbiyyantar?"

Aƙilu ya juya musu baya.

"Ni ce, Gwaggo. Amma tun jiya na rasa gane ko ni na taka ko ja na aka yi. In na saurare ki sai in ga kin yi gaskiya, in na saurare shi sai in ga ya yi gaskiya. Na gaji. Baba, ba ni madubin. In kurwata ce a ciki, ni ya kamata in fito da ita."

Mudi ya dube ta, ya miƙa mata.

Ta ɗaga shi sau ɗaya wajen gabas. Ta ga farin dutsen, ta ga baƙar ranar, ta ga macen nan da ke waiwaye. Sai yanzu ta lura da kyan abin, yadda kowace tsaga ta fito, har reshen da ya karye a kan babban majen. Ta ji Maharazu ya ja numfashi a bayanta.

Ta runtse ido ta maka shi a kan falalen.

Ƙarar ta sa birai suka watse. Wani ɓangare ya yi tsalle ya yanke ta a tafin hannu, ba ta ma ji ba.

 Daidai lokacin rana ta ɓullo ta kafaɗar dutsen, ja jawur, hasken ya gangaro ta kan tozon, ya bi tsagar marmaro, ya sauka kan kurmin har ganyaye suka ɗauki ƙyalli. Gajimaren ya narke. Shafa'atu na durƙushe tana jiran ta ji wani abu ya shige ta ko ya fita daga jikinta.

"To?" in ji Mudi. "Me kika ji?"

"Ban ji komai ba, Baba."

"Alhamdulillahi," in ji Gwaggo. "Ya sake ta."

Maharazu ya cire baƙin zanen ya ninke, ya haɗe ƙafafun akwatin, ya saɓa. Ya rusuna wa Mudi. "Na gode da izinin da ka ba ni, Baba. A yafe mini." Ya juya ya nufi hanyar gari.

Taku ɗaya, biyu, uku. Shafa'atu na kallon bayansa, da yadda kafaɗarsa ta karkace saboda nauyin akwatin. A taku na goma ta kasa daurewa.

"Baba!" Kukan da ya fito mata har dutsen ya amsa. "Son yana nan! Bai tafi ba! Na ce ban ji komai ba don ba abin da ya sauya. Yadda nake jiya haka nake yanzu, har ya fi. In ya bi ayarin nan ban san yadda zan yi ba. Ka yafe mini, Baba, Gwaggo ki yafe mini, nawa ne, ba wanda ya dasa mini!"

Maharazu ya tsaya cak.

Mudi ya share fuskarsa da hannu, ya yi ajiyar zuciya. "Dawo nan, kai."

Ya dawo ya durƙusa.

"Ka yi mini ƙarya a zaurena. Na san dalili, amma ƙarya ce. Kuma ban san ka ba, ban san ko kana iya zama wuri ɗaya ba. Ɗiyata ta riga ta binne miji ɗaya, ba zan ba wanda zai bar ta ya bi duwatsu ba. Ga shuka ta zo. Akwai wata saura, tsohuwar gona, yamma da rafi, shekara huɗu ba a taɓa ta ba. Ka share ta, ka shuka, ka nome. Akwatin nan zai zauna a ɗakina. In kaka ta yi na ga dawa a rumbu, ka sake turo liman. In ka ga ba za ka iya ba, ayari na nan gobe."

"Baba, rabona da fartanya tun ina yaro."

"Ban tambaye ka ba."

Maharazu ya sauke akwatin daga kafaɗarsa, ya ajiye a gaban tsohon. "Na zauna."

Sai a lokacin Aƙilu ya juyo. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta rawa. "Saurar nan iyaka ɗaya take da gonata. Kullum zan gan ka, kai ma za ka gan ni. Ba zan taɓa maka ko kara ɗaya ba, ba kuma zan kama maka ba. Amma ka sani ban janye ba. In ka gaza, ina nan."

"Na ji," in ji Maharazu.

Gwaggo ta gyara lulluɓinta. Ba ta dubi kowa ba. "Mudi, ka kyauta. Ke kuma, na gaya miki jiya abin da zai biyo baya." Ta juya ta kama gangara, tana tafe tana share ido da bakin mayafi.

Shafa'atu ta dubi Maharazu, ta dubi mahaifinta, ta dubi tsohuwar da ke nisa cikin itatuwa. Ba ta san ko murna za ta yi ko kuka ba. Ta miƙe ta bi ta da gudu.

"Gwaggo! Gwaggo, don Allah!"

Tsohuwar ba ta waiwayo ba. Shafa'atu ta cim mata a bakin marmaro, ta kama gefen zanenta ta durƙusa. Gwaggo ta fizge, sai ta ga jan tabo a jikin zanen. Ta tsaya. Ta dubi tabon, ta dubi hannun da ke ɗigar da jini a kan ganye.

"Shashasha," ta ce. "Ko fasa abu ba ki iya ba."

Ta sa haƙori ta yage bakin mayafinta, ta tsoma cikin ruwan.

"Gwaggo, kin yafe mini?"

"Ban yafe ba. Miƙo hannun."